Markar da Ɗalibaina Suka Ci Gwaji

Kwana huɗu ke nan rabonmu da ganin rana a Paki. Wanki yana rataye a ɗaki har ya fara tsami, itace sai hayaƙi, kaji sun takure a ƙarƙashin rumbu ko kiwo ba sa fita. Jiya da la'asar Zainab, 'yar ƙanwata da ta fara koyarwa bara, ta shigo mini a jiƙe sharkaf daga Makarfi. An tara su bita, malaman sakandare na Ikara da Makarfi da Kudan, ana koya musu yadda za su auna karatun yara. Ta zauna tana matse gyale tana zuba mini bayani, ma'auni kaza, mataki kaza, da zumuɗin mai zaton jiya aka ƙirƙiro abin. Na bar ta ta gaji don kanta, sannan na tambaye ta ina takardun da za a gwada yaran da su. Ta yi dariya ta ce ai Inna, tun kafin a tashi wani ya ɗauki hotonsu ya tura wa kowa a waya. Na zuba mata tuwo, ni kuwa na kasa ci.

Ba ta san na taɓa zama a irin wannan bitar ba, a garin Makarfin nan, cikin irin wannan ruwa, shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Ban taɓa ba kowa labarin ba sai maigidana, shi kuwa Allah ya jiƙansa, ya tafi da shi kabari.

Daminar shekarar ta yaudare mu. Ruwa ya sauka da wuri, kowa ya fita ya yi shuka, masara ta fito kore shar har ta kai gwiwa. Sai sama ta ɗauke. Sati ɗaya, biyu, uku, hadari ya haɗu da yamma baƙi ƙirin, iska ta taso ta watse shi, mu bi shi da kallo. Ganyen masara ya nannaɗe, ƙasa ta tsattsage, zafi irin na bazara ya dawo a tsakiyar damina, har mutum ya riƙa jin ƙaurin ƙasa a hanci. An fita roƙon ruwa sau biyu, tsofaffi sun juya riguna, yara suna kuka don ƙishirwa a filin idi. Da ruwan ya dawo, rabin gonakin sun riga sun ƙone. Maigidana ya shiga rumbu ya ɗebo abin da muka tanada don ci, ya sake binne shi a ƙasa. Ina tsaye da goyon Amina a bayana ina kallon kwandon yana fita daga gida.

Daga nan kuma ruwa ya ce bai san tsayawa ba. Muka shiga marka da rumbu wanda sai an zura yaro ciki ya share gindi kafin a sami na niƙa. Tuwo ya koma sau ɗaya, da dare. Da safe in akwai ɗumame yara su raba, in babu a dama koko tsararo. Da rana kwaɗon rama ne ko na tafasa, ƙulin ma a murmushe shi kamar magani. Har yau ba na son jin warin tafasa a wuta. Mata muna fita bayan gari tsinkar ganye da lema ɗaya mu uku, malama da matar manomi babu bambanci, kowa da ƙwaryarta.

A lokacin ina koyar da Hausa da Turanci a wata sakandare a yankinmu, ba zan faɗi sunanta ba. A aji huɗu akwai wata yarinya 'yar ƙauyen Furana, Ladidi, doguwa, mai tsabta, shekararta kamar sha bakwai. In ka tambayi kowane malami wa ya fi ƙoƙari a ajin, ita zai nuna. Abin da ka faɗa ranar Litinin za ta maido maka shi ranar Juma'a babu ragi. Rubutunta kuwa kamar an buga a inji.

Ana saura sati uku a ba da dogon hutu ta zo mini gida ranar kasuwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida maigida, ta tambayi Amina, ta tambayi ruwa, ta sake gaishe ni. Can ta ciro wata takarda daga hijabinta. Ƙaninta ne ba shi da lafiya, an rubuto yadda za a ba shi magani, babanta ya miƙa mata ta karanta tunda ita ce 'yar boko a gidan. Ta ce wai rubutun likita ne ya yi mata wuya. Na duba, rubutu ne raɗau, ko ɗan firamare ya isa ya karanta. Na karanta mata. Ta ce in ƙara. Na ƙara, ina kallon bakinta yana motsi, idonta kuwa ba a kan takardar yake ba, a kan bakina yake. Na ɗauko kwalin ashana na ce ta karanta mini abin da ke jiki. Ta riƙe shi ta juya, ta sake juyawa, sai hawaye.

A ranar ta gaya mini komai. Shekara goma tana zuwa makaranta, haruffa zana su take yi yadda ake zana fure a jikin ƙwarya, ba ta san me suke cewa ba. In malami ya karanta aji ya amsa, sai ta riƙe da ka. In jarrabawa ta zo, ta gane tambaya da siffarta ko ta leƙa ta kusa, kuma a wurinmu ba a maimaita aji. Abin da ya fi ci mata rai babanta ne. Ya ɗauke mata talla, ya ɗauke mata zuwa gona, ƙannenta suna cikin ruwa suna cire ciyawa ita tana ɗaki da littafi a buɗe, kuma a wannan shekarar ta yunwa ita ake fara zuba wa abinci don kada ta tafi makaranta da ciki wayam. Mutanen unguwarsu suna kawo mata wasiƙa, ta ce idonta na ciwo. Ta roƙe ni don girman Allah kada in gaya wa kowa, kuma in akwai hanyar da za ta koya, ko daga baƙi da wasali ne, tana so. Na ce mata za a san yadda za a yi. Gaskiya ban san yadda za a yi ba, don ni kaina babu wanda ya taɓa koya mini yadda ake fara karatu da budurwa mai shekara sha bakwai.

Cikin hutun ne takarda ta zo cewa makarantarmu ta tura malamai biyu bita Makarfi, sati biyu. Aka tura ni da Malam Sani mai koyar da Turanci a manyan azuzuwa. Na ɗauki Amina muka hau babur zuwa Ikara, taɓo har cinya, daga can muka sami mota. Na sauka a gidan gwaggona a Makarfi, gidan da shi ma tukunya sau ɗaya take hawa wuta. A wurin bita ana ba mu shinkafa da wake da rana, da tsokar nama ɗaya. Nakan ci loma biyar in rufe sauran in kai wa Gwaggo da jikokinta. Da na ɗaga kai wata rana sai na ga rabin ɗakin haka suke yi, manyan malamai da manyan riguna, kowa yana tura leda a aljihu yana kallon taga.

Mai koyar da mu wata mata ce siririya, Hajiya Binta, da agogo rataye a wuyanta da zare. Ba ta da fara'a sosai amma ba ta raina mutum. Ranar farko ta zana tsani a allo, ta rubuta a kowane mataki abin da ya kamata ɗalibi ya iya: gane harafi, haɗa gaɓa, karanta kalma, karanta jimla, sai fahimtar abin da ya karanta. Ta ce wannan shi ne ma'auni, kuma ba a auna aji, mutum ɗaya ake aunawa. Don mu gani da idonmu ta sa aka kawo yara goma sha daga cikin gari, 'yan sakandare. Ta rubuta labari a allo ta karanta suna amsawa, muryarsu har ta danne ƙarar ruwa a kan kwano, muka ce ma sha Allah. Sai ta fitar da su waje, ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa kowa wata takarda dabam. Uku ne suka kai ƙarshen layi na farko. Ni kuwa Ladidi kawai nake gani.

Wani dattijo daga Kudan ya miƙe ya ce Hajiya, mu duka da amshi muka koya, ga mu nan kuma mun zama malamai. Ta ce gaskiya ne Malam, amma a zauren da ka yi karatu, bayan an gama amshi, ai sai ka ɗauki allonka ka durƙusa gaban malam kai kaɗai ka biya. A ajinku wa yake durƙusawa gaban wa? Dattijon ya zauna. Maganar ta shige ni, don ni 'yar Kudan ce, a zauren mahaifina na tashi, na sauke na kuma haddace kafin a yi mini aure.

A sati na biyu ta faɗa mana abin da zai biyo baya. In an koma makaranta za a zo a gwada yara. Makarantun da aka samu sun fi rauni za a buɗe musu ajin yamma na shekara guda, da littattafai daga harafi har zuwa labari, kuma a sake kiran malamansu bita ta biyu, wadda a cikinta ne za a koya musu yadda ake koyarwar. Wannan ta farko ta awo ce kawai. Kayan ba za su ishi kowa ba, saboda haka wanda ya fi faɗuwa shi zai samu. Ta faɗa da Hausa, ta maimaita da Turanci. Na ji wani sanyi a raina, na ce Ladidi Allah ya amsa.

Takardun gwajin guda uku ne, ɗaya da Hausa, biyu da Turanci, kowace da tambayoyi biyar a ƙasa. Kullum za a raba mana mu yi atisaye bibbiyu, ɗaya ya zama ɗalibi ɗaya ya riƙe agogo, da yamma a karɓe a ƙirga, ko ɗaya ba ta kwana a hannun kowa. Ni ban saci takarda ba. Amma wanda ya tashi a gidanmu ba ya karanta shafi sau goma ya tashi ya bar shi a wurin. Kafin Laraba na san kowace kalma, na san inda kowane layi ya karye, na san inda aka sa aya. Tsautsayi ya sa ranar Alhamis na biya wa Malam Sani ɗaya daga na Turancin da ka, don wasa, muna jiran ruwa ya tsagaita. Ya riƙe baki ya ce lallai Malama Hajara, kanki ba na mutane ba ne. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

A layin karɓar abinci kuwa wata magana ce take yawo. Wai tarko ne. Wai duk malamin da ajinsa ya faɗi za a kai sunansa sama, a sallame shi ko a jefa shi wani ƙauye da ko babur ba ya shiga. Babu wanda ya san daga inda maganar ta fito, amma kowa yana da wani ɗan'uwa a ofis da ya tabbatar masa. An tambayi Hajiya Binta ta ce ita ba ta san da haka ba. Aka ce ai dama ba za ta faɗa ba.

Da na dawo Paki na haɗu da Ladidi a kasuwa, ta rako babarta sayar da kaza. Na ja ta gefe na ce mata za a kawo aji na musamman, daga harafi za a fara, babu wanda zai yi wa wani dariya. Ta kama hannuna da hannu biyu. Ban gaya mata sharaɗin ba, na ga kamar ba sai ta sani ba.

Ana saura kwana biyu a koma makaranta sai ga shugaban makarantarmu, Malam Lawal, a ƙofar gida, wandonsa a naɗe, takalmi a hannu. Dattijo ne mai kirki, saura masa shekara biyu ya yi ritaya, gidansa cike da baki. Suka daɗe suna gaisawa da maigidana a zaure, aka yi jajen gona, aka yi maganar taki, sannan aka kira ni. Malam Sani ya riga ya ba shi labarin kaina. Bai ba ni umarni ba, da ya ba ni wataƙila da na yi gardama. Roƙona ya yi. Ya lissafa mini malamanmu ɗaya bayan ɗaya da iyalin kowa. Sannan ya ce:

"Malama, ke 'yar gidan malamai ce. In baƙon malami zai zo sauraren karatu a zauren mahaifinki, haka ake tura masa yara ba a yi musu tilawa ba?"

Ba a tura su haka. A gidanmu in baƙo zai zo, kwana uku ake yi ana tilawa safe da yamma, don yaron da ya yi tuntuɓe a gaban baƙo ba kansa ya kunyata ba, malaminsa da gidan gaba ɗaya ya kunyata. Da wannan aka raine ni. Na san ba abu ɗaya ba ne, na san abin da Hajiya Binta ta ce da Hausa da Turanci. Na buɗe baki in faɗa, sai na tuna rumbunmu, na dubi maigidana ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Na ce to, Allah ya rufa mana asiri. Malam Lawal ya ce amin har sau uku.

Sati uku na yi ina aikin, kuma wallahi ban taɓa yin koyarwa mai kyau irin wannan ba. Na haɗa 'yan ajin su Ladidi duka a ɗaki ɗaya, wanda rufinsa bai fi yoyo ba. Na rubuta takarda ta farko a allo, kowane layi na karya shi daidai inda ya karye a ta Hajiya. Da safe in biya su amsa, layi ɗaya sau bakwai, sai mun haɗa uku mu koma farko, yadda Baba yake yi mana. In ya zauna sai in goge, su biya da ka. Bayan tara su kwafa a littafi, in zagaya in koya wa kowa yadda zai riƙa bin layi da yatsa daidai da bakinsa. Tambayoyin ma da amsoshinsu muka haddace, a jere da kuma a birkice. Har wurin tuntuɓe na ware musu, na ce kowa ya ɗan tsaya a kalma ɗaya ko biyu kamar yana tunani, kada abin ya yi santsi da yawa. Wannan dabarar babu wanda ya roƙe ni ita, ni na ƙirƙiro.

Yaran suna zuwa a jiƙe, ɗakin yana warin danshi da hayaƙin da ke jikin tufafinsu. Kafin sha ɗaya sai hamma ta ko'ina, wasu su kifa kai a benci, wasu suna tauna karan masara don ɗan zaƙin da ke ciki. Wata yarinya ta taɓa sulalewa ƙasa muna tsakiyar layi na shida, aka yayyafa mata ruwa, aka ba ta ragowar ƙanzo, muka ci gaba. Malam Lawal ya faɗa musu a asambuli cewa manyan baƙi suna tafe, in sun yi ƙoƙari za a kawo wa makaranta littattafai da sabon aji. Ina tsaye a bayansa lokacin da ya faɗa, ban gyara masa ba.

Ladidi kwana biyu ta yi ta haɗiye duka ukun. Ta tsaya bayan an tashi ta tambaye ni ko wannan ne ajin da na ce, don ita ta ga kamar irin na da ne. Na ce a'a, wannan shiri ne, ajin yana gaba. Ta ce to, za ta dage.

Ranar gwaji motarsu ta kafe a taɓo kafin a shigo gari, sai da matasa suka tura. Hajiya Binta ce da kanta, da samari biyu masu riƙe mata takardu, zaninta duk caɓi. Ta ƙi zama a ofis, ta ƙi shan ruwan da aka kawo, ta ce akwai makarantu biyu a gaba kuma rafi yana cika. Ta karɓi rajista ta riƙa saka biro a kan suna ba tare da ta duba ba. Aka ajiye benci a baranda, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina turo wanda aka kira. Na farko ya karanta, na biyu ya karanta. Kowa da yatsarsa a kan layi, kowa da ɗan tuntuɓensa. Ladidi ce ta bakwai. Ta zauna ta gyara hijabi, ta karanta Turancin nan tiryan-tiryan kamar a rediyo, ta amsa tambaya biyar ba ta ko numfasa ba. Da ta tashi ta dube ni, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka.

Hajiya Binta ta ajiye biro. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, sannan ta yafito ni. Ta yi ƙasa da murya yadda samarin ba za su ji ba.

"Malama Hajara, abin da na rubuta a nan shi kaɗai za a gani a sama. Akwai abin da kike so ki gaya mini kafin in sa hannu?"

Malam Lawal yana tsaye a ƙofar ofis da hula a hannu. Malamai sun leƙo ta tagogi. Amina ta motsa a bayana. Na ce:

"Babu, Hajiya."

Ta ce to. Ta sa hannu, ta rufe fayil, ta yi sallama da kowa ban da ni.

Bari in faɗi abin da ya biyo baya tun yanzu, kada mai karatu ya zauna jiran wani daɗi a gaba. Babu malami ko ɗaya da aka sallama a ko'ina, ko a makarantun da yaransu suka faɗi warwas. Ajin yamma da littattafai da bita ta biyu duk suka tafi wasu makarantu ta wajen Kudan da Makarfi. Na yi ƙoƙarin koya wa Ladidi da kaina lokacin tara, sau huɗu ko biyar. In rubuta harafi in faɗa ta amsa, in rubuta kalma in faɗa ta amsa, kafin in ankara ta haddace shafin, mun koma inda muka fito. Awo aka koya mini, ba a koya mini gyara ba, abin da na iya kuwa shi ne ciwon nata. Daga baya ni na fara kauce mata, don ganinta yana tuna mini abin da na yi. Ta gama aji shida, ta faɗi babbar jarrabawa, babanta ya ce haka Allah ya so. Tana nan a Furana da 'ya'yanta, mukan haɗu a wurin suna ko ta'aziyya, ta taso da sauri ta karɓi jakata tana gaya wa mata wannan ce malamarmu. Har yau a wayarta da murya take aika saƙo. Na yi shekara goma sha bayan nan ina koyarwa, an sake kiran bita iri-iri da sababbin sunaye, kuma duk ajin da na shiga na san akwai irinta a ciki, ban dai ƙara miƙa wa kowa kwalin ashana ba.

Takardar sakamako ta iso ne lokacin da ruwa ya fara ja baya, rana tana fitowa da zafi mai cizo, masarar da aka sake shukawa ta fara goyo. Malam Lawal ya karanta ta a asambuli. An yaba wa makarantarmu, an ce ta zama abin koyi, ba ta bukatar tallafi. Wannan na ƙarshen da Turanci ya karanta shi, da sauri. Yara suka yi tafi, malamai suka zo suna yi mini barka, wani har da cewa na fitar da su kunya. Na koma gida na kwanta da rana tsaka, na ce wa maigida kaina ne ke ciwo. Baƙin ciki ne, kuma shi ma ya sani.

Ranar Asabar da hantsi ina shanya barkono sai ga sallamar Ladidi. Tun daga Furana ta tako da ƙafa, da ƙullin tsumma a ka. Ta durƙusa ta kwance shi a gabana, ɗanyar masara ce guda shida, ƙanana, ko gama cika ba su yi ba. Ta ce Baba ne ya karyo daga gefen gona da ya fara nuna, ya ce ko su ba su ɗanɗana ba sai an fara kawo wa Malama, don ya ji labarin yadda ta yi karatu a gaban baƙi har an rubuto takarda. Na ce an gode, Allah ya saka. Na rasa inda zan sa idona, sai na shiga juya barkonon da na riga na juya.

Ta murza bakin hijabi, ta duba ko akwai mai jinmu, sannan ta matso.

"Malama, to yanzu tunda mun ci, yaushe za a fara koya mana?"

Na ce mata bayan girbi.

Ta ƙirga da yatsa, ta ce ashe bai fi wata biyu ba. Ta yi mini godiya har goshinta ya kusa taɓa ƙasa, ta naɗe tsummanta, ta ce bari ta koma kafin hadarin can ya iso.